Shuɗin Ruwa a Randar Uwaisu

"Wallahi yau sai na ƙone ta!" in ji Ɗanliti. Galan ɗin fetur na hannunsa na hagu, taɓarya na dama. "Maijidda, matsa min daga bakin ƙofar nan."

"Ba zan matsa ba, Yaya. Kwanansa uku kacal a ƙasa, har ka fara bin kayansa da wuta?"

"Kaya? Wannan kaya ne? Abin da ya kashe miki miji, yake kuma tashi da kansa kullum yana yi wa mutane kuka?"

Mata sun cika bakin zaure, kowace ta riƙe haɓa. Ba faɗan ne ya dame su ba, ganin mai takaba a waje ba ko takalmi shi ne abin magana. Ni ba na cikin masu maganar. Ina gefe ina sauraro, don wani ya riƙe wa gari labarinsa.

Ga yadda abin yake. Uwaisu ƙanin Ɗanliti ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi shekara huɗu a Kano yana gyaran waya, ya dawo ƙauyenmu Kwarin Ɗinya ya buɗe shago a jikin katangar gidansu, ya haɗa kwamfutar wasa da hannunsa, samari na zuwa tseren mota. Ranar Laraba da azahar aka same shi kwance a ƙasan shagon, ba takalmi, siminti jiƙe. Likita a Gezawa ya ce wutar lantarki ce. 'Yan sanda suka sa kwaɗo a ƙofar suka tafi da mukulli.

Tun daga ranar, kullum da hantsi, kwamfutar sai ta tashi a cikin ɗakin da ba kowa.

Ana cikin wannan ja-in-ja motar 'yan sanda ta tsaya a gindin ɗinya. Sufeto Abdulkabir ya sauko, dogo, siriri, da biro a bayan kunne. Saje Umara na biye da shi, mai tumbi kamar an cusa masa ƙwarya a riga.

"Malam, ajiye galan ɗin nan," in ji Sufeto. Bai ɗaga murya ba. Ɗanliti ya ajiye.

"Ranka ya daɗe, aljanu ne a ciki."

"To, su ma za mu ɗauki bayaninsu. Ƙarfe nawa suke fitowa?"

Kafin wani ya ba shi amsa, aka ji wani gunji daga cikin shagon, siriri, kamar na sauro a kunne. Mata suka ja da baya suna salati. Wata tsohuwa ce kaɗai ta taho a hankali ta dafa ƙarfen taga. Yakaka ke nan, uwar su Ɗanliti da marigayi. Kakanninta daga Barno suka zo, amma a nan aka yanke mata cibi.

Sufeto ya tsaya a bayanta ya leƙa.

Allon ya haska. Wata jar mota ta fito a kan titi, an rubuta UWAISU a samanta. Ba kowa a kujera, sitiyarin wasan na kan tebur bai motsa ba, amma motar ta tashi. Ta sha kwana, ta haye gada, ta wuce wani dutse. Gunjin na ta ƙaruwa. Can aka hango layin ƙarshe da tutoci, sai allon ya yi baƙi ƙirin, ɗakin ya yi tsit.

"Kullum a nan yake tsayawa," in ji Yakaka, ba ta juyo ba. "Kwana uku ke nan bai kai ba."

Saje Umara, da aka ce ya taɓa kama ɗan fashi da hannu, na ga yana shafa tsikar hannunsa.

Sufeto ya buɗe kwaɗon. Kafin ya taka ciki ya tambayi inda wutar take fitowa. Aka nuna masa faifan sola shida a kan rufi, da inbata da batura a lungu. Ya sa Saje ya miƙa sanda busasshiya ya kashe inbatar, sannan suka shiga.

Ɗakin na warin roba da ta sha zafi. Akwatin kwamfutar na kan teburin ƙarfe, gefensa a buɗe. Abin da ya tsayar da Sufeto shi ne randa. Ƙatuwar randar ƙasa ce a gindin tebur, an rufe ta da faifai. Robobi biyu sirara, irin na ƙarin ruwa a asibiti, sun fito daga cikinta sun shige cikin akwatin, sun haɗu a kan wani ɗan faranti na jan ƙarfe.

"Yallaɓai, wannan kuma shayar da ita ake?" in ji Saje.

Sufeto ya durƙusa. A mahaɗar roba da farantin, ƙarfen ya cinye, ya yi kore-kore, ya huje. Daga nan wani busasshen layi ya gangaro ta ƙafar tebur har kan soket ɗin da ke ƙasa. Soket ɗin ya yi baƙi a gefe ɗaya.

Ya ɗage faifan randar. Ruwan ya sauka ƙasa da bakin robar, kuma shuɗi ne. Ba shuɗin wanki ba, shuɗi mai duhu irin na rini.

"Innalillahi," in ji Saje. "Ruwan rijiya ne ya koma haka?"

Sufeto ya sunsuna, ya yamutsa fuska, ya mayar da faifan. Daga nan ya ɗauki sitiyarin ya juya shi wajen haske. A inda yatsu suke kamawa akwai jan tabo.

"Saje, Uwaisu yana ƙunshi?"

"Namiji, Yallaɓai?"

"Kira min matarsa."

Maijidda ta tsaya a bakin ƙofa, ta ja mayafi har goshi. Yarinya ce mai kunya a gaban mutane. A bayan mutane kuwa, to, za ku ji.

"Allah ya ji ƙansa. Kina shigowa shagon nan?"

"A'a, Yallaɓai. Wurin maza ne."

"Ko sau ɗaya?"

"Sai dai in miƙo abinci ta taga."

"Nuna min hannunki."

Ta nuna. Lallen ya fara koɗewa, amma yana nan. Sufeto ya ajiye sitiyarin kusa da hannun. Ta dube shi, ta dubi hannunta, sai ta zame ta zauna a dokin ƙofa.

"Ni na kashe shi," ta ce.

"A hankali. Fara daga farko."

Ashe in samari sun tafi masallaci ko gona, Uwaisu kan turo ƙofa ya kira ta ta ƙofar ciki su yi tsere. Kuma ashe ta fi shi. Matan gari suna ta cewa baiwar Allah ba ta fita ko ƙofa, ita kuwa tana can tana shan kwana da mota.

"Ƙwaƙwalwar kwamfutar, furosesa, ƙarama ce, mai araha," in ji ta. "Kamfani ya yanke mata gudu uku da ɗigo shida. Wasan kuma yana son fiye da haka, sai motar ta riƙa tsinkewa. Shi ne yake shiga saitinta ya ƙara mata gudu, ya ƙara mata wuta. Ya kai ta huɗu da ɗigo biyu."

Kar ku tambaye ni uku na mene ne. Na dai riƙe yadda ta faɗa.

"In an ƙara mata gudu sai me?"

"Sai ta yi zafi. 'Yar fankar da ta zo da ita ba ta iya mata. Shi ne ya cire fankar ya haɗa randa, tunda ruwan randa ba ya ɗumi ko da bazara. Ƙaramin famfo na jan ruwan ya bi ta kan farantin ya dawo."

"To ina kisan?"

"Sati biyu da suka wuce ni na ce ya ƙara. Ya ce ta isa. Na jira ya fita, na kai ta huɗu da ɗigo shida da hannuna. Da ya gani dariya ya yi, ya bar ta. Yallaɓai, zafin ne ya huda ƙarfen. Ni ce."

"Tashin da take yi da hantsi fa?"

Ta share ido. "Ba aljanu ba ne. Baturan sun tsufa, da yamma suke mutuwa. Ya saita ta duk lokacin da wuta ta dawo ta tashi da kanta, ta nuna tseren wanda ya fi kowa, don samari su gani su ji haushi. A da tserena take nunawa, da sunan aro. Ranar Laraba da safe ya wuce ni. Yanzu ruwa ba ya kai mata, sai ta yi zafi ta kashe kanta kafin motar ta kai."

"Me ya sa ba ki gaya wa mutane ba?"

"In ce na san duk wannan ta yaya? Kuma Inna na zuwa tagar kullum. Ban iya ce mata hoto ne ba."

"Ruwan randa, shuɗi kuke zubawa?"

"Fari tas, daga rijiya. Kwana goma kafin rasuwar ya fara canjawa. Duk bayan kwana biyu yake kwashewa ya zubar a bayan shago ya sa sabo, ya sake komawa shuɗi. Ya ce zai kai wa wani a Kano ya duba."

Sufeto ya ciro biro daga bayan kunne ya yi rubutu. "Zafi ba ya rina ruwa, Maijidda. Koma ciki."

Ya zaga bayan shagon. Bazara ce, ƙasa ta tsage, ko akuya ba ta samun abin tsinka. Amma a gindin katanga, daidai inda ake zubar da ruwan randa, ciyawa ta fito ta yi kore shar, har da wata rama da ta kusa gwiwa. Sufeto ya tsinki ganye ya murza.

Taku kaɗan daga nan lambun gidan yake. Ɗanliti na can a bakin rijiya, ya dawo da galan ɗinsa. Waya ta taho daga shagon har kan famfon rijiyar.

"Sannu da aiki, Malam Ɗanliti. Albasa ta yi kyau."

"Alhamdulillahi, ranka ya daɗe."

Sufeto ya tura yatsa a fangali. Laka ta kama shi. "Yaushe ka yi ban-ruwa?"

"Tun kafin rasuwar. Wa yake ta lambu ana makoki?"

"Kwana uku a wannan rana, ƙasa na nan da danshi? Ƙasarku mai albarka ce."

Ɗanliti ya kau da kai. Gari kaf an san ko ranar jana'iza, ana dawowa daga maƙabarta, ya zame ya kunna famfo. Har an ce ba a taɓa jin famfon ya yi ƙarfi irin na ranar ba. Ba ni na faɗa ba, amma na ji.

"Solar nan ta waye?"

"Tamu ce mu biyu. Don rijiya aka sa ta."

"Tana isar rijiya da shago?"

"Da tana isa."

"Da?"

Sai abin ya kuɓuce masa. "Tun da ya fara ƙara wa abar nan gudu take shanye wuta. Famfo ya riƙa tari kamar tsoho. Ka dubi can." Ya nuna fangali huɗu a ƙarshen lambu, sun bushe sun yi fari. "Na yi magana, na yi magana. Na kai ƙara wurin Inna, ta ce in yi haƙuri, yaro ne. Mai mata, yaro!"

"Kana shiga shagon?"

"Ban taɓa taka shi ba. Ka tambayi kowa."

Wannan kam gaskiya ya faɗa.

A jikin bukkar lambu an rataye famfon feshi. Sufeto ya ɗaga bakinsa. Bakin na tagulla ne, ya cinye, ya yi kore-kore.

"Me ya ci wannan?"

"Tsufa."

"Haka ne," in ji Sufeto. "Tsufa na cin abubuwa."

Yana dawowa ya tarar da Yakaka zaune a kan benci a ƙofar shago, da ƙullin kaya a cinya, da buta, da carbi.

"Inna, tafiya za ki yi?"

"Kai za ka tafi da ni, ɗan nan. Na ji yarinyar can tana kuka wai ita ce. Ba ita ba ce."

Sufeto ya zauna a ƙasa a gabanta, kamar yadda ɗa yake zama.

"Yaron nan ya daina cin abinci a kan lokaci," in ji ta. "Ya daina hira. In ka yi masa magana idonsa na kan gilashin nan. Abar kuma na kuka kamar mai rai, tana shan ruwa kamar mai rai. Aka ce min aljanu ne suka shige ta. Aka kawo min magani, aka ce in riƙa zubawa a ruwan da take sha, kar ya sani. Kullum in ya tafi sallar asuba sai in shiga ta ƙofar ciki in zuba cokali biyu. Da ruwan ya yi shuɗi na ce alhamdulillahi, suna fita. Su ne suka fusata suka tafi da shi. Da hannuna na tsokano su."

"Wa ya kawo maganin?"

"Babban. Daga wurin wani malami a Makoda."

Ba ta kama sunan Ɗanliti, ɗan fari ne. Shekara talatin da bakwai ba ta taɓa kiransa da suna ba, ko na yanka ko na rana.

"Da saura?"

Ta kwance bakin zane ta miƙa masa ƙullin leda. Gari ne ruwan toka, da 'yan ƙwayoyin habbatussauda a ciki. Sufeto ya zuba kaɗan a tafin hannu ya baza da yatsa. A tsakiya akwai wata ƙwaya fara, zagayayya, da dutsen niƙa bai same ta ba. Ya ɗanɗana da bakin harshe ya tofar.

"Saje, tara min su ukun a cikin shago."

La'asar ta kawo kai. Ɗakin ya yi musu kaɗan. Yakaka na kan kujerar marigayi, Maijidda a ƙofar ciki, Ɗanliti a tsaye kusa da ƙofar waje. Yau ya taka shagon, kuma idonsa na gudun wurin da siminti ya yi tabo.

"Malam Ɗanliti, wannan ƙullin kai ka ba Inna?"

"Ni ne. Taimako ne. Laifi ne mutum ya nema wa ƙaninsa taimako?"

"Ko kaɗan. Wane malami ne?"

"Malam Jamil. Bayan tasha, a Makoda."

"Bayan tasha ta wajen masu gyaɗa, ko ta wajen masu faci?"

"Masu gyaɗa."

"Ikon Allah. A can aka haife ni. Gidanmu ne mai bishiyar darbejiya. Babu Malam Jamil a layin nan, tun ina yawo ba wando har jiya."

"To baƙo ne! A kasuwa na gamu da shi."

"Ɗazu a bayan tasha yake."

Yakaka ta buga carbi a cinya. "Ɗan nan, bar shi. Ni na zuba, ni za ka kama. Ɗaya ya tafi, kar ka taɓa min ɗayan. Maganin nan ayoyi ne da garin saiwa, da bakinsa ya gaya min. Ba abin da ke ciki sai alheri, ni ce ban iya ba."

"Inna, ban yarda ayoyi ne ba."

"Ba ka yarda ba?" Ta miƙe. "Ai rubutu sha ake yi. Bari ka gani."

Tsohuwar nan ta fi yadda ake zato sauri. Ta ɗage faifai, ta tsoma moɗa, ta ɗebo shuɗin ruwan nan ta kai baki. Sufeto ya yunƙura, amma wani ya riga shi. Ɗanliti ya tsallake tabon siminti ya doke moɗar, ta bugi bango, ruwan ya gangaro shuɗi a kan farar ƙasa.

"Inna, kar ki sha! Taki ne!"

Moɗar na ta juyawa a ƙasa har ta tsaya.

"Takin zamani," in ji Sufeto a hankali. "An niƙa da toka. Shi ya fito da rama a bayan shago da bazara. Shi ya ci farantin, cin jan ƙarfen ne ya rina ruwan shuɗi. Shi ya ci bakin famfon feshinka, a nan ka koyi yana cin jan ƙarfe. Ko ba haka ba?"

Ɗanliti ya jingina da bango ya sulale.

"Abar kawai nake so ta mutu," ya ce. "Na ce in farantin ya huje za ta ƙone, wuta ta dawo rijiya. In na shiga da kaina za a gan ni. Inna kuwa ba mai tambayar ta."

"Ranar Laraba fa?"

"Da safe na leƙa ta taga. Na ga yana ɗiga. Na ga ya bi ƙafar tebur, ya kusa soket. Yana zaune a nan ya juya min baya, yana tuƙi yana dariya, takalmansa na bakin ƙofa." Ya rufe fuska. "Na ce a raina yau za ta mutu. Kalma ɗaya ce, Yallaɓai. In ce masa sa takalminka. Na wuce lambu."

Yakaka tana duban tafin hannunta, wanda ya riƙe cokali kwana goma.

Saje Umara ya ciro ankwa. Ɗanliti ya miƙa hannu da kansa.

"Dakata," in ji Yakaka. Ba ɗanta take kallo ba, baƙin allon take kallo. "Yarinya, kin ce kin san kanta. Za ki iya sa shi ya kai?"

Maijidda ta dubi Sufeto. Ya gyaɗa kai.

Ta sa takalmin roba. Ta zare robobin, ta kwance farantin da ya huje, ta ciro 'yar fankar kamfani daga kwali ta ɗaura. Saje ya kawo wani soket daga mota aka ɗora a kan tebur, ya kunna inbatar da sandarsa. Maijidda ta danna wani maɓalli, rubutu ya cika allon, ta sauke lambar daga huɗu da ɗigo shida zuwa uku da ɗigo shida.

"Za ta ɗan riƙa tsinkewa," ta ce. "Amma ba za ta mutu ba."

Jar motar ta fito. Wannan karon ba gunji, sai ɗan hucin fanka. Ta sha kwana, ta haye gada, ta wuce dutsen. Mutanen da suka cika taga ba mai tari. Tutoci suka bayyana. Motar ta ɗan tsaya cak, Yakaka ta dafe ƙirji, sai ta ci gaba, ta tsallake layin.

Sai ga muryar Uwaisu ta cika ɗakin, da dariyarsa.

Maijidda ta toshe baki. Ta manta, duk wanda ya kafa sabon tsere yakan ɗauki muryarsa ya bar wa na baya tsokana. Wannan ba wanda ya taɓa jin ta.

"Maijidda, na wuce ki! Sai ki nemi wani aikin. Shi ke nan kuma, na huce. Gobe zan sauke ta, in mayar wa Yaya wutarsa ya shayar da albasarsa, ko ya daina hararata a masallaci. Inna, a ajiye min ƙanzo!"

Dariyar ta ƙare. Motar ta koma farkon titi ta tsaya.

Wani sauti ya fito daga maƙogwaron Ɗanliti, ban taɓa jin irinsa daga bakin namiji ba. Saje ya ɗaga shi, ƙafafunsa na ja a ƙasa. A bakin ƙofa ya waiwayo.

"Inna."

Ba ta juyo ba. Aka fita da shi, aka ji ƙofar mota, aka ji ta tashi.

Sufeto ya tsaya da hularsa a hannu. "Inna, ke za ki zo ofis gobe ki ba da bayani kawai. Ba za a riƙe ki ba."

Kamar ba ta ji ba. "Yarinya, gobe ma zai faɗa?"

"Kullum, Inna. In dai rana ta fito."

Jar motar ta sake tashi, ta nufi kwanar farko. Yakaka ta bi ta da ido har gada. Sannan ta miƙa hannu ta fizge wayar daga soket. Allon ya mutu. Ta jefar da wayar a gaban Sufeto.

"A kai wa albasa wutar," ta ce. "Ita ta ci tseren."

Ta ɗauki butarta da ƙullin kayanta, ta fita, ta maka ƙofar shagon har faifan randa ya faɗo ƙasa.